Kuɗin mamba da dala, albashi da naira: ƙungiyoyin nazarin Afirka na waye?

Na Gwale: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan. Wa'adin rajistata a ASA, ƙungiyar nazarin Afirka ta Amurka, ya ƙare, sai na zauna na buga lissafi. Lokacin da na fara biya, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Daga Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin 2024 ta yi nisa dala ta haura 1,500. Wato ko ƙungiya ba ta ƙara ko sisi ba, ni a aljihuna an ninka mini sau uku, albashi kuwa kun san inda yake. Ga kuma tamu ta gida, ASAA, ƙungiyar nazarin Afirka ta nan nahiyar, wadda aka kafa a Accra a 2013, ita ma tana neman mambobi. Ba zan iya biyun ba. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Duk taron da na je, kuka ɗaya ake yi: mambobi daga Afirka sun yi kaɗan, asusu babu kuɗi. Ina so in rubuta wa shugabannin ASAA takardar shawara, ba ta ƙorafi ba. Me zan ce musu? Ta yaya za a jawo mutanenmu, kuma kuɗin daga ina?

Sarkin Zaure: Wa alaikumus salam. An buɗe fage. Roƙona ɗaya, kada a kama sunan jami'ar kowa ko shugaban sashen kowa, kun san abin da ya faru wancan karon.

Autan Zaure: Malam, ni a ganina amsar ba ta da wuya. A yafe wa duk mazaunin Afirka kuɗin mamba. Sunanmu suke ci, tarihin kakanninmu suke rubutawa su sami ƙarin girma, to mu shiga kyauta mana. Ni ina digiri na biyu, kuɗin makaranta ma da kyar.

Maman Hanifa: Auta, na taɓa shiga kyauta, bari in ba ka labari. Wata ƙungiya, ba ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba, ta ɗauki nauyina zuwa taronta. Tikiti, masauki, abinci, har da rajistar shekara guda, duk an biya. Na gabatar da takardata, aka tafa, aka ɗauki hotona aka sa a rahoton shekara. Ranar ƙarshe aka kira taron mambobi inda ake zaɓe ake kuma duba kasafi. Na je bakin ƙofa, wata baiwar Allah ta duba takarda ta ce mini cikin fara'a, mu da aka ɗauki nauyinmu za mu iya zama mu saurara, amma babu ƙuri'a. Na zauna a baya ina kallo ana ɗaga hannu a kan inda za a yi taro na gaba. Wani gari a Afirka yana cikin jerin, ya faɗi da ƙuri'u kaɗan, mu kuma 'yan Afirka muna zaune a layin baya hannuwanmu a cinya. Tun ranar na daina son kyauta. A rage mini, in biya abin da zan iya, amma a ƙirga hannuna.

Autan Zaure: Kai, Anti, wannan ai cin fuska ne.

Maman Hanifa: Ba ta ci fuskata ba, dokarsu ta karanta mini. Baƙo ai ba ya raba gado.

Tsohon Malami: 'Yata, abin da kika faɗa ya mayar da ni baya. Wannan rigimar ta girmi yawancinku. An kafa ASA a 1957, shugabanta na farko Melville Herskovits, kuma a farkonta mambobi hawa biyu ne: akwai manya masu ƙuri'a, akwai sauran jama'a masu biyan kuɗi su saurara. A 1969 aka yi taron shekara a Montreal ta Kanada, baƙaƙen masana ƙarƙashin jagorancin John Henrik Clarke suka tsayar da taron cak. Ba ragin kuɗi suka nema ba. Cewa suka yi a raba kujerun hukumar gudanarwa biyu daidai, rabi baƙaƙe rabi farare. Aka ƙi, suka kama gabansu da tasu ƙungiyar, AHSA. Bayan wannan girgizar ce aka rushe tsarin hawa biyun. Kuma maganar ba ta mutu ba, domin a taron Atlanta na 2018 shugabar ƙungiyar ta lokacin, Jean Allman, ta tono tarihin nan duka a jawabinta, daga baya aka cire sunan Herskovits daga babbar kyautar littafi da suke bayarwa. To ka ga, Na Gwale, in za ka rubuta, fara da tambayar wa ke zaɓe. Kuɗi na biye da ita.

Na Gwale: Allah ya gafarta Malam, na rubuta wannan a sama. Amma ASAA ai tamu ce, ba ta da matsalar fari da baƙi.

Ɗan Damagaram: Taku dai, Malam. Ku yi haƙuri in faɗi gaskiya. In kuna cewa "tamu", mu nan Nijar muna jin kuna nufin ta masu Ingilishi. Ku duba inda ta yi tarukanta: Ibadan 2015, Accra 2017, Nairobi 2019, Cape Town 2022. Sai a 2023 aka je Lubumbashi, karon farko a ƙasar masu Faransanci. Na yaba da wannan. Amma malamin da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko André Salifou nan Damagaram, ko Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, abokan hulɗarsa na ilimi suna Faransa da Dakar, can yake samun gayyata, can ake buga masa. Har tallafin da kuke ta yabo na ACLS, majalisar ƙungiyoyin masana ta Amurka, wanda gidauniyar Carnegie ta zuba wa kuɗi daga 2008 don masu nazarin adabi da tarihi da harshe, ƙasashe 5 kawai ya shafa: Najeriya, Ghana, Uganda, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Abokina a Katsina ya samu, ni da muke aiki a kan waƙoƙin fada iri ɗaya ban ma isa in cika takarda ba. Tsakanina da shi tafiyar yini ce a mota.

Na Ƙetare: Ni zan ɗan kare ASA, tunda a nan Amurka nake kuma ina biya duk shekara. Kuɗin mambanta ba bai-ɗaya ba ne, gwargwadon samun mutum ne, mu masu albashin dala mun fi biya. Tana da tsarin gayyato masana daga Afirka a ɗauki nauyinsu. A 2016 ta haɗa kai da ƙungiyar masana ɗan Adam ta Amurka suka kai taro Dakar. Ba a zaune take ba. Abin da mutane ba su gane ba shi ne taro a babban otal a San Francisco ko Chicago kuɗi ne masu ban tsoro, kuma daga rajistar taron da kuɗin mamba da abin da mujallu ke kawowa ake riƙe ofis. In an yafe wa kowa, wa zai biya ma'aikata?

Maman Hanifa: Yaya Na Ƙetare, to wa ya ce dole sai babban otal? Jami'o'i ba su da ɗakunan taro?

Na Ƙetare: Suna da su, amma jami'ar da za ta kwashe mutum sama da dubu a tsakiyar zangon karatu, ta ba su ɗakuna da makwanci, ba ta da yawa.

Ɗan Zongo: Salamu alaikum daga Kumasi. Ni tambayata ba ta nawa ba ce, ta yaya ce. Ko kuɗin na hannuna, ta ina zan tura? Nan Ghana mai sayar da koko a bakin titi ma da waya ake biyanta. Amma in na shiga shafin yawancin ƙungiyoyin ilimi, sai a ce kawo lambar kati. Rabin malaman da na sani ba su da katin da ke aiki a waje.

Na Gwale: Wallahi ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A 2022 bankunanmu suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 aka fara buɗewa. Shekarun nan duk roƙon wani tsohon ɗalibina da ke Ingila nake yi ya biya mini, ni in tura wa mahaifiyarsa naira a gida. Ka ga malami na roƙon ɗalibi. Akwai shekarar da na ji nauyin sake tambayarsa, rajistar ta wuce. A littafinsu an rubuta ɗan Najeriya ɗaya ya fita, ba su san kati ne ya fitar da ni ba.

Mai Lissafi: Ku ba ni dama in shigo da misali daga wajen fagenku. Mu masu lissafi ƙungiyarmu ta duniya, IMU, ba mutum ke shiga ba, ƙasa ke shiga. An kasa ƙasashe rukuni 5. Rukuni na ɗaya yana biyan kaso 1, yana da ƙuri'a 1. Na biyu kaso 2, ƙuri'a 2. Na uku kaso 4, ƙuri'a 3. Na huɗu kaso 8, ƙuri'a 4. Na biyar kaso 12, ƙuri'a 5. Ku lura da dabarar: mai biyan ninki 12 ba a ba shi ƙuri'a 12 ba, 5 aka ba shi. Kuɗi na ƙara murya, amma an sa masa linzami. Sannan akwai matakin share fage ga ƙasashe masu tasowa, ba biya ba ƙuri'a, na ɗan wa'adi, kafin su zama cikakku. Masu nazarin zamantakewa kuma, ISA, sun kasa ƙasashe gida uku, A da B da C, bisa ma'aunin arzikin ƙasa, kowa ya biya na gidansu. Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba, Malam, akwai inda za a leƙa.

Autan Zaure: Malam Mai Lissafi, wato a fili suka rubuta cewa mai kuɗi ya fi murya? Ai gara masu ɓoyewa.

Mai Lissafi: A'a Auta, gara wanda ya rubuta. Abin da aka rubuta ana iya kawo ƙudurin gyara shi a taro. Wanda ba a rubuta ba, da wa za ka yi jayayya?

Tsohon Malami: Bari in koma kan rabin tambayar da kowa ke zagayewa, wato kuɗin daga ina. Ku dubi CODESRIA, cibiyar bunƙasa binciken zamantakewa ta Afirka. An kafa ta a Dakar a 1973, Samir Amin ne sakatarenta na farko, Thandika Mkandawire ya riƙe ta shekara goma daga 1986. Babu cibiyar da ta kai ta tsayawa a kan cewa ɗan Afirka ya yi tunani da kansa. A shekarun gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya, lokacin da ɗakunan karatunmu suka bushe, littattafanta ne ke iso mana. Amma ku tambayi wa ya riƙe ta tsawon shekarun nan. Kaso mai tsoka daga hukumar tallafi ta Suwidin ya fito, da wasu gidauniyoyin waje. Ban faɗi haka don zargi ba, sun kyauta, kuma gwamnatocinmu ne ya kamata su ji kunya. Sai dai duk ranar da majalisar wata ƙasa a Turai ta sauya ra'ayi a kan kasafinta, mu ne za mu kwana da zazzaɓi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kuma abin tsoho ne. Cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926, Lugard ne shugaban hukumarta, wannan dai Lugard ɗin da kuka sani. Kuɗin gidauniyar Rockefeller ne ya ɗauki binciken da ta yi a shekarun 1930. Ɗaya daga daraktocinta na farko, Bajamushe Westermann, da shi Rupert East na Zariya ya yi shawara kafin a tsayar da haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuke dannawa a waya yanzu. Wato ƙungiyar masana da ba mu da ƙuri'a a cikinta ta sa hannu a yadda muke rubuta sunayen 'ya'yanmu. Haruffan sun yi kyau, ban ce ba su yi ba. Amma in wani ya ce muku waɗannan ƙungiyoyi shan shayi ne kawai, ku nuna masa allon wayarsa.

Ɗan Zongo: Baba, yau na ƙaru. Ban taɓa sanin ƙ tana da dangi a Jamus ba.

Na Ƙetare: Ranka ya daɗe, na yarda da tarihin, amma ina tsoron inda maganar za ta kai mu. In an ce a guji kuɗin waje, ASAA ba za ta iya ko taro ɗaya ba. Tikitin jirgi daga Kano zuwa Lubumbashi sau da yawa ya fi na Kano zuwa Landan wahala, sai ka bi ta Addis Ababa ka kwana. Ɗalibi irin Auta ba zai je ba sai an ɗauke shi.

Tsohon Malami: Ban ce a guje shi ba, ɗana. Cewa na yi a san abin da za a sa shi a ciki. Kuɗin waje ya ɗauki tikitin ɗalibai, ya ɗauki fassara, ya ɗauki bita. Amma albashin sakatare, da kuɗin shafin intanet, da taron zaɓe, waɗannan su fito daga aljihun mambobi ko da ofishin ɗaki ɗaya ne. In mai tallafi ya tafi, a rasa ado, kada a rasa rai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to kada a ci ladan a kan abin da ba a so a aske.

Hajiyar Laburare: Tun ɗazu ina karantawa, ba wanda ya ambaci jami'o'in kansu. Akwai rajistar cibiya, ba ta mutum ɗaya ba. Sashe ko tsangaya ta biya sau ɗaya a shekara, malamanta da ɗalibanta su shiga a ƙarƙashinta. A Najeriya muna da TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, wadda asalinta gwagwarmayar ASUU ce ta 1992, kuma harajin da ake karɓa daga ribar kamfanoni ya tashi daga kashi 2 zuwa 2.5, ya kai 3 a 2023. Tana da kason halartar taro. Mutum ɗaya zai tafi taro a Turai da kuɗin da zai isa a yi wa sashe guda rajista na shekaru. Ya dawo da hotuna da jakar taro. Ban ce kada a je ba, amma a ce ko kashi kaɗan na wannan kason a karkatar da shi ga rajistar cibiyoyi a ƙungiyoyin da ke nahiyar nan.

Maman Hanifa: Hajiya, ina da ja a nan. In sashe ne ya biya, wa ke riƙe ƙuri'ar? Shugaban sashe. Wa za a tura taro? Wanda shugaban sashe ke so. Mu mata da ƙananan malamai mun san yadda ake rabon nan. Kin fitar da ni daga layin baya a Turai kin mayar da ni layin baya a gida.

Hajiyar Laburare: Gaskiyarki. To a ce rajistar cibiya ta ba da damar karanta mujalla da ragin kuɗin taro, ƙuri'a kuma ta zauna a hannun mutum, da ɗan abin da zai biya da kansa.

Maman Hanifa: Wannan na sa hannu.

Ɗan Damagaram: To ɗan abin nan nawa ne? A nan ne ake faɗuwa. In an yanka da dala, mu namu da sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957, ba ta motsi. Jaka goma bana jaka goma ce baɗi. Ku kuwa masu naira da masu sidi kullum ƙasa na zamewa a ƙarƙashinku. Ni shawarata a yanka da kuɗin kowace ƙasa, a ɗaure shi da albashi, misali abin da ƙaramin malami ke samu a yini ɗaya. A sami wakili a kowace ƙasa da asusun banki na gida, a tara a can, a kashe wani kaso a can.

Mai Lissafi: Dabara ce mai kyau, amma ku san farashinta. In ƙungiya ta karɓi naira, ita ta ɗauki asarar faɗuwar naira, ba Na Gwale ba. Abin da ta tara a Janairu zai iya zama rabi a Disamba in ta ajiye. Maganinsa shi ne abin da ka faɗa a ƙarshe, a kashe a inda aka tara, kada a yi ta canji. Sai kuma amana. Asusun gida a hannun mutum ɗaya, kun san ƙarshen labarin. Sa hannu uku, da rahoto duk wata uku a fili.

Ɗan Zongo: Wannan ai adashi ne kuke ta kewaye-kewaye. Iyayenmu mata a zongo sun shekara nawa suna yi ba takarda, ba a ci na kowa ba. Mutum 20 su zuba, duk taro a ɗauki mutum biyu a tura, na gaba wasu biyun.

Autan Zaure: Uwar adashi kuma Anti Maman Hanifa.

Maman Hanifa: Ka rufa mini asiri, Auta. Adashin masu digiri uku ya fi na kasuwa wuyar karɓa, kowa da uzurinsa a rubuce.

Alaramma Mai Bincike: Ku gafarce ni, na makara. Abu biyu. Na farko, kuna maganar gidauniya kamar Rockefeller ne ya ƙirƙiro ta. Waƙafi fa? Da me Azhar ta rayu ƙarni bayan ƙarni? Ƙarawiyyin ta Fas, mace ce ta gina ta da gadonta a 859. Attajiranmu suna gina masallatai, suna kai mutane Makka, Allah ya saka musu. Amma ban taɓa jin wanda ya je ya zauna da ɗayansu ya ce masa ga shago biyu, ka tsayar da hayarsu ga masu binciken tarihin garinku har abada ba. Muna rubuta takardar neman tallafi shafi 40 da Turanci zuwa New York, ba mu iya sallama a zauren da ke bayan gidanmu ba.

Na biyu ya fi mini zafi. Wa kuke kira masani? Akwai mutane a Kano da Sakkwato da Agadas da suka san rubuce-rubucen ajami da na Larabci fiye da duk wanda ke zauren nan. Masu bincike daga waje gidajensu suke sauka, su suke karanta musu takardun, a ƙarshe a gode musu a layi ɗaya. Ba su da digiri, ba su da Ingilishi ko Faransanci. Ga marubuta, ga ma'aikatan gidajen rediyo, ga masu adana kayan tarihi a Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna. In ana son faɗaɗa mambobi da gaske, ga su nan. Amma fom ɗin shiga yana tambayar sunan jami'arka tun a layi na biyu.

Na Ƙetare: Alaramma, da girmamawa, ƙungiyar masana tana da ma'auni. In an buɗe wa kowa, ta zama taron gari. Kuma attajirin gida ma yana da nasa askin. Ka karɓi kuɗinsa, sannan wani ya kawo takarda a kan yadda kakansa ya mallaki bayi ko ya ƙwace gonaki, ka ga ko za a karanta ta. Bature mai gidauniya aƙalla yana nesa, bai san kakan kowa ba.

Alaramma Mai Bincike: Shi ya sa na ce waƙafi, ban ce kyauta ba. Abin da aka tsayar ya fita daga hannun mai shi, ba ya dawowa ya ce a cire takarda. Batun ma'auni kuma, a auna aikin mana, kada a auna takardar shaida. A kawo makala a ba masu tantancewa ba tare da suna ba. In ta tsallake ta tsallake.

Na Ƙetare: Da wane harshe za a tantance ta?

Ɗan Damagaram: Yauwa, an zo wurin. Ni da Malam Na Gwale in mun haɗu a taro, shi Ingilishi ni Faransanci, sai an sa mana tafinta a kunne. Mu fito shan iska mu yi awa biyu muna Hausa, a nan ake ainihin taron. Tun 2025 dokar ƙasarmu ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Cibiyar CELHTO tana nan Yamai tun 1968 tana tattara tarihin baka. Me zai hana a nemi zama ko biyu a kowane taro da Hausa, wasu da Sawahili, wasu da Larabci, a fassara taƙaitawa kawai? Ranar da aka yi haka, malaman da Alaramma ke magana za su biya da kansu, ba sai an roƙe su ba. Ƙungiyar Mega-Tchad, ta masu binciken yankin tafkin Chadi, ta kawo taronta Maiduguri a 2003, waɗanda suka halarta har yau suna labarinsa, don an zo inda mutanen suke.

Na Ƙetare: A kan zuwa inda mutane suke, ba ni da ja, musamman yanzu. Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne, ba a mayarwa in an hana ka. Tun Yunin 2025 an rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan, a Yuli kuma aka mayar da ta 'yan Najeriya shiga ɗaya, wata uku. Taron nazarin Afirka da 'yan Afirka ba za su iya shiga ƙasar da ake yinsa ba, ko ni na san da gyara. Amma har yanzu ban gamsu da buɗe ƙuri'a ga wanda ba ya cikin aikin jami'a ba. A ba su matsayi na daban.

Maman Hanifa: Matsayi na daban. Yaya, ka koma sama ka karanta abin da Baba ya ce a kan 1969.

Na Ƙetare: Na karanta. Ba abu ɗaya ba ne, amma na ji inda ya yi kama.

Autan Zaure: Ni dai na janye maganar kyauta. Amma a sa na ɗalibai ya zama kuɗin da ba zai hana mutum cin abincin mako ba. Kuma a bar mu mu biya kashi-kashi.

Na Gwale: Jama'a, Allah ya saka da alheri. Na yanke shawara bana ASAA zan biya, ASA kuma in bar ta sai baɗi in Allah ya hore, tunda Na Ƙetare na can yana ɗaga mana hannu. Takardar zan fara ta da maganar ƙuri'a, sannan biya da kuɗin gida ta waya, sannan zaman Hausa. Batun waɗanda ba su da digiri zan rubuta shi a matsayin abin da muka yi saɓani a kai, in kawo hujjar kowa. Waƙafi kuma, Alaramma, wannan ba na takarda ba ne, sai dai ni da kai mu sa rana mu je mu yi sallama. Ɗan Damagaram, in na gama zan turo maka ka juya ta Faransanci, don kada ta isa da harshe ɗaya.

Ɗan Damagaram: Turo ta da Hausa, Malam, daga ita zan juya. In ka bi da ni ta Ingilishi sai mun ɓata a hanya.

Hajiyar Laburare: A sa sunana a masu sa hannu. Kuma wanda ya ari kundin taron Ibadan daga wurina tun kafin azumi, yana cikin zauren nan, ina ganin alamar ya karanta saƙo.

Autan Zaure: Gobe da safe, Hajiya, in sha Allahu.